Abin da Madam Basira Ta Gani a Kan Nafisa

A Gaya babu mai kiran Basira Alassan da sunan babban karatun da ta yi. Madam ake ce mata, daga masu kabu-kabu na bakin kasuwa har matan da ke sayar da kifi a gangaren kogi. Malamar lakol, wato makarantar boko, aka fara saninta, sunan kuma ya bi ta duk ƙasashen da ta je, ya dawo tare da ita.

Ɗiyar manomin shinkafa ce daga Tunuga. Mahaifinta ya ba da ita lakol ne don an ce kowane gida ya kawo yaro ɗaya, shi kuwa mazan yana bukatarsu a fadama. Sai aka yi sa'a kanta yana ja. Ta gama a Gaya, ta wuce Doso ta koyi aikin malanta, aka tura ta Karakara, inda ta daɗe tana koyar da ƙananan yara.

A can abin da ya sauya mata hanya ya same ta. Duk ƙarshen damina, in an koma lakol, sai ta tarar da wasu yaran ba kamar yadda ta sallame su ba. Zazzaɓin sauro ne, irin mai hawa kai, wanda ke sa yaro fizge-fizge har ya suma. Wasu ba sa tashi. Waɗanda suka tashi jikinsu ya koma daidai, suna gudu, suna cin tuwo, amma yaron da ya iya haɗa baƙaƙe kafin hutu sai ya dawo yana kallon allo kamar ranar ya fara ganinsa. Iyaye su ce iska ce ta shafe shi. Wasu malaman su ce lalaci ne. Basira ta je wurin majo, babban ma'aikacin gidan likitan garin, ta tambaye shi abin da zazzaɓin ke bari a cikin kan yaro.

Ya ce, "Madam, ni aikina in saukar da zafin jiki. Abin da ya rage a ciki, a nan ba mu da idon ganinsa."

Ta haura shekara talatin, da aure da 'ya'ya biyu, lokacin da ta ajiye alli ta koma ɗaliba. Mijinta Hashimu, mai fitar wa 'yan kasuwa kaya a duwan, wato kwastan na bakin gada, bai hana ta ba, ko da yake danginsa sun yi magana har sun gaji. Ta yi jami'a a Yamai, ta samu tallafin karatu ta wuce Dakar, daga can aka karɓe ta a wani ɗakin bincike a Faransa. 'Ya'yanta suka girma a hannun kakarsu, ita kuma tana jin muryarsu tana sauyawa ta waya. Ta koyi karanta hoton ƙwaƙwalwa, ta ƙware a kan yadda sassan da ke riƙe magana da natsuwa suke girma daga yaye zuwa shiga lakol. Sai dai duk hotunan da aka ɗora mata a gaba na yaran Turai ne, waɗanda sauro bai taɓa kwantar da su ba. Ta yi ta nanata wa malamanta haka har suka fara guje mata a wurin shan kafe. A ƙarshe wata ƙungiya mai tallafa wa bincike ta yarda ta ba ta na'ura ƙarama, mai taya, wadda ake iya turawa ta ƙofar ɗaki, ta je ta ɗauki hoton kan yaran garinsu.

Ta dawo a lokacin da gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, garin da ke ƙetaren iyaka, take rufe. Aikin Hashimu ya tsaya, gari ya yi tsit da ƙarar manyan motoci, harkar ƙetare duk ta koma hannun masu jirgin ruwa. Aka kawo na'urar ta Yamai, aka sa ta a wani ɗaki kusa da asibiti, aka jera faranti masu kama hasken rana a kan rufi saboda wuta ba ta da tabbas. Likita Kabiru, likitan yara, shi aka haɗa ta da shi, domin ita ba likita ba ce, kuma tana faɗa wa kowa haka tun a bakin ƙofa.

In na'urar tana aiki takan yi dukan nan, dum, dum, kamar ana daka a gidan maƙwabta. Mata suka sa mata suna turmin Madam. Suka zo kallo, suka yi dariya, amma ba wadda ta yarda ta sa kan ɗanta a ciki. Basira ta kwanta da kanta aka ɗauki nata, ta nuna musu. Suka ce ita ai ta saba da kayan Nasara.

Jumma ce ta buɗe hanya. Tsohuwar ɗalibarta ce ta Karakara, aure ya kawo ta wajen Tunuga, gidan wani manomi mai suna Cha'ibu wanda ke haɗawa da su, wato kamun kifi, kuma tun da aka rufe gada yake ƙetarar da mutane a jirginsa. Jumma ta ji ana zancen turmin Madam a kasuwa, ta zo ta ga ko wace Madam ce, sai ga malamarta. Ta durƙusa ta gaishe ta kamar tana aji, sannan ta shiga gida-gida tana cewa, "Matar nan ita ta koya mini rubuta sunana. In da cuta a ciki ba za ta kawo mana ba." Mata suka fara zuwa, ɗaya-ɗaya, sannan a jere.

Binciken yana bukatar yara iri biyu: waɗanda zazzaɓi ya taɓa hawar musu kai, da waɗanda bai taɓa ba, don a kwatanta. Nafisa, ɗiyar Jumma, tana cikin lafiyayyun. Yarinya ce da ta kusa shiga lakol, mai surutu, haƙoranta na gaba sun fara zuba. Ranar da aka kawo ta ana tsakiyar damina, hadari ya haɗo ta gabas, Likita Kabiru kuma ya tafi Doso taro. Nafisa ta kwanta ba gardama, ta ce a gaya wa turmin ya daka mata fura. Na'ura ta fara duka. Basira ta zauna gaban ordinater, wato kwamfuta, tana jiran hoto.

A tsakiyar ƙwaƙwalwar kowane mutum akwai 'yan kogunan da ruwa mai haske ke bi, sirara, kamar an ja layi da tsinke. Basira ta ga dubbai. Na Nafisa da suka fito sun kumbura kamar ƙoƙo biyu an kifa su gefe da gefe, sun danne naman ƙwaƙwalwar ya manne da ƙashi. Ta ɗauka yarinyar ce ta motsa. Ta sake ɗauka. Hoton ya fito kamar na farko. Hanyar da ruwan ke fita ta toshe, yana taruwa, kuma ba shi da wurin zuwa.

Basira ta san dokar aikinta: ba ita ke faɗar ciwo ba, likita ne, bayan ya duba. Ta kira Likita Kabiru, wayarsa a kashe. Ta yi niyyar sallamar su da fara'a ta ce su dawo gobe tare da maigida. Ta juyo ke nan ta ga Jumma ta daina kallon ɗiyarta, ita take kallo.

"Madam, me kika gani?"

"Jumma, ina so likita ya duba hoton nan. Ki zo mini da Malam Cha'ibu gobe."

"Sauran mata ba ki ce su kawo mazansu ba." Jumma ta matso kusa. "Na san fuskarki, Madam. Haka kike yi in za ki gaya wa yaro ya faɗi jarrabawa. Don Allah kar ki ɓoye mini."

Basira ta so ta ce ba komai. Ta duba idon matar da ta amince da ita har ta jawo mata rabin unguwa, ta kasa. Ta tambaye ta ko Nafisa na ciwon kai da safe. Jumma ta ce tana yi. Amai fa? Tana yi, kafin ta karya, amma da rana ta ɗaga sai ta ware ta shiga wasa, shi ya sa suka ce tsutsar ciki ce.

"Akwai ruwa da ya taru a kanta," in ji Basira a hankali. "Ni ba likita ba ce, amma ina jin sai an kai ta Yamai."

Jumma ta saɓa ɗiyarta a kafaɗa, yarinyar da ta fi ƙarfin goyo, ta fita. A tsakar gidan mata na zaune a kan tabarma suna jiran layi. Da suka gan ta tana kuka suka miƙe. Basira tana jin su ta taga: me ya faru, me aka yi mata, ba lafiya kika kawo ta ba? Kafin ruwan sama ya sauko tabarmar ta zama wayam.

Washegari Likita Kabiru ya dawo, ya duba hoton, ya aika wa wani likitan tiyatar kai a Yamai. Amsa ta zo kafin azahar: a kawo yarinyar ba tare da jinkiri ba, ruwan yana danne jijiyar gani, in aka bar shi ido zai fara tafiya, daga baya ya taɓa rai. Amma labarin da ya riga su zaga gari daban ne. An ce turmin Madam ya ɗura wa ɗiyar Cha'ibu ruwa a kai. An ce yana tsotse basirar yara ana aika wa Turawa. Wani a tashar kabu-kabu ya rantse cewa ya ga yaron da ya shiga yana magana ya fito bebe.

Cha'ibu ya zo da la'asar, shi kaɗai. Dogo ne, siriri, wandonsa a jiƙe har gwiwa. Bai karɓi kujera ba.

"Madam, lafiyayyar yarinya na bari a gida na tafi kogi. Na dawo na tarar uwarta ba ta cin abinci, ana ce mini za a fasa kan ɗiyata. Kuma ni ubanta a bakin 'yan kasuwa na fara ji."

"Wannan kam ba daidai ba ne, Malam Cha'ibu. Kai ya kamata ka fara ji. Ka yi haƙuri."

Likita Kabiru ya juyo masa da hoton, ya sa na wani yaro a gefe, ya fara bayani. Cha'ibu ya kalla ya daɗe.

"Ni ban san cikin kai ba," in ji shi. "In kun nuna mini wannan kun ce hantar rago ce, sai in yarda. Abin da na sani, kafin ta shiga abin nan naku ba wanda ya ce tana da ciwo."

"Na'urar gani kawai take yi, ba ta sa komai," in ji Basira. "Kuma kuɗin hanya da na aikin duk a kanmu suke, ba a kanka ba."

"Ba abin da ya kawo ni ke nan ba." Ya gyara hularsa. "Na zo in ce ku fita harkar iyalina."

Bayan 'yan kwanaki aka ce ya kwashe Jumma da yara ya kai su tungar kawunsa Alfari, wani tsibiri a ƙasan Tunuga inda masu su ke zama lokacin cikar ruwa. Wayar Jumma ta daina shiga. A Gaya kuma abin ya ci gaba da zafi. Wata safiya aka tarar an jefi faranti biyu na kan rufi sun tsage. Dattawan unguwa suka zo cikin ladabi suka ce a rufe ɗakin har ƙura ta lafa. Masu tallafin suka kira daga waje, muryarsu a sanyaye, suna tambaya ko an bi ƙa'ida, suna cewa za su duba ko aikin zai iya ci gaba. Basira ta sa kwaɗo a ƙofar da ta yi shekaru tana neman a buɗe mata. Abin mamaki, ba wannan ke hana ta cin abinci ba. Duk safiya in ta tashi sai ta ce a ranta, yanzu Nafisa na riƙe da kai.

Ta ce wa Hashimu za ta tunga. Ya ce mutumin ya ce a fita harkarsa, kuma ruwa ya cika, kuma mutanen can a fusace suke. Ta ce ta ji. Ya dube ta, ya shiga ɗaki ya sauya riga, ya ce ba za ta shiga gidan mutane ita kaɗai ba.

Kogin ya yi ja, ya haye gonakin shinkafa na bakin gaɓa, yana tafe da ciyayi da rassan itace. A tungar hayaƙin bandar kifi ya cika ko'ina. Mata suka ja yaransu cikin bukkoki. Alfari, tsoho mai farin gemu da ido ɗaya da ya yi fari, ya karɓe su a ƙarƙashin rumfa, ya sa aka kawo ruwa, ya aika a kira Cha'ibu. Aka yi gaisuwa mai tsawo, Hashimu ya gabatar da su, sannan Basira ta yi magana, kanta a ƙasa.

"Baba, ban zo neman a dawo mini da aikina ba. An rufe shi. Na zo ne don yarinya."

Alfari ya ce, "Ɗiyata, muna yi mata magani. An yi rubutu, an yi turare. Jiya har ta yi wasa."

A lokacin Nafisa ta fito daga bayan bukka, ta ji muryar Madam ta nufo ta da murna. Turken rumfar yana gabanta, ƙato, kowa na ganinsa. Ta zo ta buge shi da kafaɗa har ta yi taga-taga, ta tsaya tana lalube da hannu. Basira ta ɗaga kai ta dubi Cha'ibu, ta ga shi ma abin yake kallo, kuma ba kallon mai mamaki ba ne.

"Malam Cha'ibu, yau ta fara haka?"

"Tun kafin shuka," in ji shi. "In za ta shiga jirgi sai ta sa ƙafa a gefe. Na ce rawar kai ce."

"To ka san ba na'urata ba ce."

"Ko na sani." Ya matso, muryarsa ta yi ƙasa. "Madam, ke kin yi karatu, ki gaya mini tsakaninki da Allah. In na ba ku ita aka buɗe kanta, za ta tashi?"

Hashimu ya ɗan taɓa gefen zanenta. Ta gane abin da yake nufi: ki ce e, a wuce wurin. Kalma ɗaya ce, da yarinyar ta shiga jirgi tare da su.

"Yawancin yaran da ake yi wa suna tashi," in ji ta. "Amma ba duka ba. Ba zan yi maka alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Abin da na tabbata, in aka bar ta haka, ba za ta warke da kanta ba."

"Kin ji ko? Nan tana gabana, tana kirana Baba. Can kuma in miƙa ta da hannuna, wataƙila a miƙo mini gawa. A'a. A bar ta wurin Allah."

"Can ma wurin Allah take."

"Na gama magana, Madam."

Jumma na tsaye a bakin bukka, mayafi a baki. Basira ta miƙe, ta ce da ita, da ƙarfi yadda mijin zai ji, "In kika ga barci ya yi mata nauyi ana tashinta ba ta tashi sosai, ko idonta ya karkace, ko amai ya ƙi tsayawa, to kar ku jira la'asar, kar ku jira gobe. Gidana yana bayan masallacin 'yan kifi. Ko wane lokaci ne."

Suka dawo hannu wofi. A cikin jirgi Hashimu ya ce, "Da kin ce masa za ta tashi." Basira na kallon ruwa, tana tambayar kanta ko gaskiyar da ta faɗa za ta ci ran yarinya.

Kwanakin da suka biyo baya ba ta iya zama wuri ɗaya. Ta roƙi Likita Kabiru ya sa direban ambilans ya riƙa kwana da mai a tanki. Ta sa kayanta a jaka ta ajiye bakin ƙofa. In ta fita kasuwa mata su sauya hanya, mai tumatir ta miƙo mata canji ba tare da ta dube ta ba. Gero ya fara fitar da kai a gonaki, ba labari daga tunga.

Ranar wata Talata da hantsi tana shanya a tsakar gida ta ji ana buga ƙyaure ba sallama. Cha'ibu ne, ba hula, Nafisa a hannunsa, kanta ya langaɓe, Jumma a bayansa ba takalmi.

"Tun asuba muke tashinta," in ji shi. "Ta buɗe ido ta rufe. Madam, ga ta."

Basira ta kira Likita Kabiru, ta ɗauki jaka. Kafin a jima suna kan hanyar Doso, likitan na riƙe da ledar ruwan da ya sa wa yarinyar, yana ɗaga mata kai da matashi, yana duba idonta da fitila. Damina ta cinye hanya, ramuka cike da ruwa, direba na kauce wa wannan ya faɗa wancan. Duk girgiza sai Jumma ta ce ya Salamu. A wani wuri kamiyo, babbar motar kaya, ya kafe a taɓo ya tare hanya, motoci sun yi layi. Cha'ibu ya dira ƙasa, ya bi direbobi ɗaya bayan ɗaya yana roƙo, mutumin da Basira ba ta taɓa tsammanin zai roƙi kowa ba, har aka matsa aka ba su gefen gona suka bi. A shingen jandarma soja ya leƙo, ya ga yarinyar, ya ɗaga sanda ba tambaya.

Bayan Doso numfashin Nafisa ya sauya, yana tsayawa yana dawowa. Basira ta ga fuskar Likita Kabiru, ta kawar da kai don kar Jumma ta karanta tata. Ta riƙe ƙafar yarinyar, tana jin ɗuminta, tana kiran likitan Yamai duk inda rezo, wato layin waya, ya kama tana gaya masa inda suke.

Rana ta yi ja lokacin da suka shiga Yamai. Ana jiransu a ƙofa. Aka kawo takardar yarda, Cha'ibu ya dangwala yatsa bai tambayi abin da ke ciki ba, aka tura gadon aka rufe ƙofa. Ya je ya yi alwala, ya rama sallolin da hanya ta ci, ya dawo ya zauna a ƙasa nesa da Basira. Da likitan tiyatar ya fito ya ce an sa mata siririn tiyo a ƙarƙashin fata, mai janye ruwan daga kai zuwa ciki, kuma tana numfashi da kanta, sai Jumma ta zube a wurin. Cha'ibu ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa na rawa.

Nafisa ta tashi. Ta gane uwarta, ta nemi kunu, bayan wasu kwanaki surutunta ya dawo. Amma idon hagu ya tafi, na dama kuma abin da ke gabanta kawai take gani, ba ta ganin gefe. Likitan ya ce jijiyar ta daɗe a danne, abin da ya mutu ba ya dawowa.

A Gaya labarin ya rabu biyu. Wasu suka ce Madam ta ceci ɗiyar Cha'ibu. Wasu suka ce yarinya ta shiga turmi da ido biyu ta ƙare da rabin ɗaya, a lissafa. Har yau akwai masu faɗar kowanne. Masu tallafin suka bar mata na'urar, amma suka rage aikin sosai. Ba ta sake buɗe ɗakin ba sai bayan girbi, kuma ta sauya tsari: ba ta ɗaukar hoton yaro sai uba da uwa sun zauna tare ta gaya musu cewa ana iya ganin abin da ba a nema ba, sai kuma ranar da likita ke nan. Mutane ƙalilan suka dawo. Abin da ta so ta gama a shekara biyu har yanzu tana kansa, kuma abin da ta fara gani a hotunan yaran da zazzaɓi ya hau wa kai bai kai yawan da za ta tsaya gaban masana ta ce ga tabbas ba. Abokan karatunta na Faransa sun yi nisa, sunayensu na fitowa a manyan mujallu. Takan karanta, ta rufe ordinater, ta je ta share ɗakin.

Cha'ibu bai taɓa zuwa ya yi mata godiya ba, bai kuma taɓa zaginta a gari ba. Jumma ke kawo yarinyar dubawa. Sai wata rana da rani, ruwa ya ja baya, Basira ta sauka bakin kogi sayen kifi, ta gan shi yana kwashe ruwa daga jirginsa da ƙwarya. Ta gaishe shi, ya amsa, ta tambayi mutan gida. Har ta juya ya kira ta.

"Madam."

Ta tsaya.

"Ranar da kika zo tunga. Da na ba ki ita ran nan, da idon ya tsira?"

Ta dube shi. Ya rame, furfura ta fito masa a gemu. Mutane na wucewa da buhuna a kai, masu jirgi na kiran Malanbil, Malanbil.

"Ban sani ba, Malam Cha'ibu. Ya riga ya fara tafiya tun kafin in gan ta. Mai yiwuwa da an tsirar da wani abu. Mai yiwuwa kuma a'a."

"Mai yiwuwa," in ji shi, kamar yana auna nauyin kalmar. Ya gyaɗa kai. "Na san ba za ki ce mini a'a don ki faranta mini ba. Shi ya sa na tambaye ki."

Wata mata mai kaji a kwando ta zo tana tambaya ko jirgin zai tashi yanzu. Ya ce ta shiga. Ya riƙe mata kwandon har ta zauna, ya sa kafaɗa ya tura jirgin cikin ruwa.